Karatu a Jamus: daga neman admishan zuwa biza, da ainihin kuɗin da za ka tanada

Kusan duk sati sai wani ya turo min saƙo a WhatsApp, wai Yaya da gaske ne karatu kyauta ne a Jamus? Amsar dai eh ce, amma eh ɗin nan tana da jela mai tsawo, kuma jelar ce ke kayar da mutane. Kuɗin makaranta ne babu a yawancin jami'o'in gwamnati, amma kafin ƙafarka ta taka jirgi sai ka nuna kana da yuro 11,904 a ajiye, wannan ita ce maganar da ejan ba ya fara gaya maka sai ya karɓi kuɗin fom tukuna. To bari in zauna in warware abin tun daga tushe yadda ake bi ɗaya bayan ɗaya, don wallahi yawancin waɗanda na ga sun yi asarar shekara ba rashin ƙoƙari ba ne ya ja musu, tsari suka juya, suka fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe.

Da farko, wace takarda ce a hannunka?

Nan ake rabuwa. Wanda ya gama digiri yana neman mastas hanyarsa daban, wanda ya gama sakandare da WAEC ko NECO hanyarsa daban, kuma gaskiya ta mai mastas ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

In digiri gare ka, abu na farko ka shiga wani shafi da ake kira anabin, na hukumomin ilimin Jamus ne, can suke jera jami'o'in duniya da matsayin da suka ba kowacce. Ka nemo ƙasarka, ka nemo jami'arka, in ka ga alamar H+ a gabanta to sun yarda da ita. Shafin da Jamusanci yake amma kar ya ba ka tsoro, burauzar wayarka za ta fassara maka. Masu HND kuma, in faɗa muku gaskiya tun yanzu, jami'o'i da yawa ba sa ɗaukarta daidai da digiri, don haka kafin ka kashe ko sisi ka tura wa makarantar imel ka tambaye su kai tsaye. Kar ka dogara da "wani abokina ya ce".

Wani abu da ke ba mutanenmu mamaki shi ne Jamusawa ba sa son tsalle daga fanni zuwa fanni. In Ingila ce kana iya karanta Tarihi ka je ka yi mastas a harkar kasuwanci matuƙar ka biya kuɗi, a Jamus kuwa za su ɗauki tiransikirif ɗinka su ƙirga kwasakwasan da ka yi ɗaya bayan ɗaya, su ce wannan mastas ɗin yana buƙatar maki kaza a lissafi, maki kaza a kididdiga, in babu to babu, ko da fes kilas ka fita. Shi ya sa nake cewa ka buɗe takardar sharuɗɗan kwas ɗin ka ajiye ta gefen tiransikirif ɗinka ka gwada su layi-layi kafin ka nema.

Makinsu ma juye yake. A wurinsu 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 kuma shi ne tsallake rijiya da baya. Akwai lissafin da suke juya makinmu da shi, ana ce masa lissafin Bavariya: ka cire makinka daga mafi girman maki, ka raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙarancin makin cin jarrabawa, ka ninka sau 3, ka ƙara 1. Misali mai 3.8 bisa 5.0, in aka ɗauki 1.0 a matsayin mafi ƙaranci, zai faɗa 1.9 ke nan, kuma wannan maki ne mai kyau. Kwasakwasai da yawa suna sa iyaka a 2.5, wato wanda ya wuce haka ba a ma duba fayil ɗinsa.

In kuwa WAEC ko NECO ce kawai a hannunka, galibi ba za ka faɗa digiri kai tsaye ba, sai ka bi ta wata makarantar share fage da ake kira Studienkolleg, shekara ɗaya ce, da Jamusanci ake yinta, a ƙarshe a yi jarrabawa mai suna Feststellungsprüfung. An raba ta gida-gida: T na injiniya da lissafi, M na likitanci da dangoginsa, W na tattalin arziki, G da S na fannin adabi da harsuna. Kafin a ɗauke ka sai kana da Jamusanci matakin B1, wasu ma B2, sannan akwai jarrabawar shiga kuma gurbin kaɗan ne. Ni dai in ƙanina ne ya tambaye ni, zan ce masa ya yi digirinsa a gida, ya riƙa koyon Jamusanci a gefe, ya tafi mastas. Ya fi arha, ya fi kwanciyar hankali, kuma lokacin ya ƙara hankali. Yaro ɗan shekara 18 shi kaɗai a garin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ba kowa ke iya ɗauka ba.

Neman kwas da makaranta

Ba ka buƙatar ejan a nan, ko kaɗan. Hukumar DAAD, wato hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, tana da shafi da ta jera kwasakwasan ƙasa da ƙasa, ka zaɓi mastas, ka zaɓi Turanci, ka zaɓi fanninka, ka danna wurin da ke nuna babu kuɗin makaranta, za su fito maka rututu da sharuɗɗansu da ranar rufewa. Abin da ejan zai karɓi ɗaruruwan dubbai ya yi maka ke nan yana zaune a kantinsa.

Amma ka lura da wurare uku da "kyauta" ɗin ba ta aiki. Jihar Baden-Württemberg, inda su Stuttgart da Heidelberg da Freiburg da Karlsruhe suke, tun 2017 take karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Jami'ar fasaha ta Munich, TUM, ita ma ta fara karɓa daga zangon hunturu na 2024, na mastas yuro 4,000 zuwa 6,000 duk zango. Sai na uku, jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda su ne ejan-ejan suka fi son tura mutane don suna da kamasho a ciki, admishan ɗinsu yana fitowa da wuri kamar an danna maɓalli amma kuɗinsu dubban yuro ne a shekara. In wani ya ce zai samo maka admishan a Jamus cikin sati ɗaya, tambaye shi makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi, ka ga yadda zai fara inda-inda.

Ko a inda babu kuɗin makaranta akwai wani ɗan kuɗin zango da kowa ke biya har 'yan ƙasa, Semesterbeitrag, daga yuro ɗari da wani abu zuwa ɗari huɗu da ɗoriya gwargwadon gari. A makarantu da yawa tikitin bas da jirgin ƙasa na cikinsa, don haka ba asara ba ce.

Shawarata a kan zaɓen gari: kar ka bi suna. Kowa Munich, kowa Berlin, kowa Hamburg, alhali ɗaki ɗaya a Munich yana iya cinye yuro 700 zuwa sama a wata. Garuruwa irin su Chemnitz, Magdeburg, Ilmenau, Cottbus, Freiberg, haya a can ba ta kai rabin wannan ba kuma takardar digirin darajarta ɗaya. Sai dai fa aikin ɗalibai ya fi samuwa a manyan garuruwa, don haka kowanne da nasa. Kuma ka nemi makarantu biyar zuwa takwas, kar ka rataya ranka a guda ɗaya.

Lokaci, wanda shi ne ke kashe mutane

Zango biyu suke da shi. Na hunturu yana farawa Oktoba, shi ne babba, yawancin kwasakwasai a nan suke ɗauka. Na bazara yana farawa Afrilu. Ranar rufewa da aka fi sani ita ce 15 ga Yuli na hunturu, 15 ga Janairu na bazara, amma kar ka riƙe wannan, don kwasakwasan Turanci da yawa suna rufe wa 'yan waje tun Maris ko Afrilu ko Mayu, wasu ma tun Disamba ko Janairu. Kuma ko da a ce 15 ga Yuli ɗin ce, in ka jira har lokacin, admishan ya fito a Agusta, yaushe za ka samu ranar biza har ka isa Oktoba? Ka fara shiri shekara guda cur kafin lokacin da kake son tafiya.

Abin da za ka fara nema tun yau shi ne tiransikirif. Duk wanda ya yi jami'a a gida ya san wannan wahalar, ni nawa sai da na yi wata huɗu ina zarya, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin yana wani ofis, har wata makarantar da nake so ta rufe ina ji ina gani. Ka nema tun ba ka san inda za ka ba.

Sai maganar suna, kuma wannan tamu ce ta musamman mu 'yan Arewa. WAEC ta ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, fasfo ya ce Muhammed, wani wurin sunan gari ne a ƙarshe wani wurin sunan kaka, ranar haihuwa kuma biyu ce ko uku, ɗaya ta firamare ɗaya ta bautar ƙasa. A gida mun saba, a wurin Bajamushe kuwa mutum uku ne daban-daban. Ka baje takardunka duka a tabarma, fasfo, NIN, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, WAEC, digiri, ka duba harafi-harafi. Abin da za a iya gyarawa ka gyara, wanda ba zai gyaru ba ka yi takardar rantsuwa a kotu tun da wuri. Kuma don Allah kar ka yarda wani ya "gyara" maka takarda a shagon kwamfuta, suna bincike, in aka kama ka ba wannan bizar kaɗai ka rasa ba.

Tura takardu

Wasu jami'o'in kai tsaye ake nema a shafinsu, kyauta. Wasu kuma sai ta uni-assist, wata cibiya ce a Berlin da ke tantance takardun 'yan waje a madadin jami'o'i. Kuɗinsu yuro 75 ne na kwas na farko, duk wanda ka ƙara a zangon kuma yuro 30. Wato kwas biyar yuro 195 ke nan. Wasu makarantun kuma za su ce ka je uni-assist su ba ka wata takarda mai suna VPD, wadda ke nuna makinka da lissafin Jamus, sannan ka ɗauko ta ka nema da kanka a shafin makarantar. Tana aiki shekara ɗaya. Tantancewar tana cin sati huɗu zuwa shida, lokacin cunkoso ta fi haka, to ka ga dalilin da na ce kar a jira ranar ƙarshe.

Abin da za su nema galibi: satifiket ɗin digiri, tiransikirif, WAEC ko NECO tare da lambar katin duba sakamako don su tabbatar da kansu a intanet, fasfo, takardar tarihin karatu da aiki, wasiƙar dalilin da ya sa kake son kwas ɗin, wani lokaci da wasiƙar malami ɗaya ko biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu takardun Faransanci, ku duba ko makarantar na son a fassara su, in ana so to sai a wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi.

Shaidar harshe: in kwas ɗin na Turanci ne yawanci IELTS 6.0 ko 6.5 ko TOEFL. Wasu suna karɓar wasiƙa daga jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai, wasu ba sa karɓa, a takardar sharuɗɗa za ka gani. In na Jamusanci ne sai TestDaF mataki na 4 ko DSH-2, wannan kuwa ba aikin wata uku ba ne. Ko da Turanci za ka yi karatun, ka yi ƙoƙari ka samu Jamusanci ko da matakin farko ne, A1 ko A2, akwai cibiyar Goethe a Legas da ke shirya jarrabawar, ga darussa kyauta na Deutsche Welle a waya. Zai taimake ka a biza, zai fi taimakonka ranar da ka tsaya gaban mai gidan haya ko kana neman aiki a sito.

Ita kuma wasiƙar dalili, kar ka kwafo ta intanet, sun karanta irinta dubu. Ka faɗi abin da ka karanta, aikin da ka yi a furojet ɗinka, darussa biyu ko uku na cikin kwas ɗin da suka ja ka da sunansu, da abin da kake son yi da shi bayan ka gama. Shafi ɗaya ya isa. Bajamushe ba ya son kirari, kar ka cika masa takarda da cewa tun kana yaro kake mafarkin Jamus.

Yanzu ga babbar magana, kuɗi

Admishan ya fito, alhamdulillahi, an yi murna a gida. To yanzu aka fara. Gwamnatin Jamus na son ta tabbatar za ka iya ciyar da kanka shekara guda ba tare da ka zame mata nauyi ba, hanyar da kusan kowa ke bi ita ce rufaffen asusu, Sperrkonto. Za ka zuba yuro 11,904 a ciki tun kana gida, a rufe, in ka isa Jamus a riƙa sakar maka yuro 992 duk wata, ba za ka iya cire fiye da haka ba ko da me ya taso. Kuɗin naka ne, ba biyan kowa ka yi ba, abincinka ne da hayarka aka sa ka tara gaba ɗaya. Adadin yana hawa lokaci-lokaci don an ɗaure shi da tallafin da suke ba ɗalibansu: a 2021 yuro 10,332 ne, a 2023 ya koma 11,208, daga Satumba 2024 ya zama 11,904. Don haka ranar da za ka tura ka sake duba shafin ofishin jakadanci.

Ka ɗauki wannan adadin ka ninka da farashin yuro na yau, ka ga miliyoyin da za su fito. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 lissafin ya zama wani abu daban, mutane da yawa da admishan a hannu suka haƙura. Shi ya sa nake cewa wannan lissafin shi ne mataki na farko na gaskiya, tun kafin ka biya kuɗin IELTS ka zauna da mahaifinka ko yayanka ko duk wanda zai ɗauki nauyin, ku yi maganar a fili. 'Yan Nijar da Kamaru ta wannan gefen sun fi mu sauƙi, don sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a yuro ɗaya, ba ta wannan rawar.

Kamfanonin da aka fi buɗewa da su su ne Expatrio da Fintiba, duk a intanet ake yi da fasfo, suna da ɗan kuɗin buɗewa da na hidima. Ka tura da ɗan ƙari saboda bankunan da ke tsakiya suna yankar nasu, in ya isa da giɓin yuro 20 ma ba za a ba ka takardar tabbaci ba. In an hana ka biza ana mayar maka da kuɗinka in ka nuna takardar hanin, kuma asusun da kuɗin ya fito nan ake mayarwa.

Akwai dabarar da wasu ke yi, a ranto kuɗin a zuba, in an isa a riƙa biyan mai shi daga 992 ɗin nan. Na ga waɗanda suka yi, kuma na ga yadda suka ƙare, mutum yana aikin dare a sito yana barci a aji, zango biyu bai ci jarrabawa ko ɗaya ba, ga ofishin baƙi na tambayarsa ina sakamako. Ban ce ba mai tsira ba, amma ka san abin da kake shiga.

Hanyoyin da ke ɗauke maka rufaffen asusun biyu ne. Ɗaya, wani mazaunin Jamus mai albashi mai kyau ya je ofishin baƙi ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyinka, takardar ana ce mata Verpflichtungserklärung, kuma nauyi ne na gaske a doka don haka kar ka ji haushi in ɗan'uwa ya ƙi. Biyu, sikolashif. DAAD na da na mastas a fannonin raya ƙasa da ake kira EPOS, yana son wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu bayan digiri, akwai kuma na Helmut Schmidt na fannin mulki da tsare-tsaren gwamnati. A Najeriya PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur, ma na tura mutane Jamus a fannonin da suka shafi mai da makamashi. Duk waɗannan suna rufewa da wuri sosai, kusan shekara kafin a fara karatu.

Bayan wannan ka ƙara kuɗin biza yuro 75, kuɗin jirgi, kuɗin zangon farko, kuɗin ajiya na ɗaki da ake kira Kaution wanda doka ta yarda ya kai na hayar wata uku, da kayan sanyi. Sannan ka riƙe wasu ɗaruruwan yuro a aljihu, don asusun nan ba ya buɗewa ranar da ka sauka, sai ka yi rajistar gida ka buɗe asusun banki na yau da kullum tukuna, abin yana iya cin sati biyu zuwa huɗu kana ci daga aljihu.

Biza

Bizar da kake nema ita ce ta dogon zama, nau'in D, ba ta yawon buɗe ido ba. Kar ka kuskura ka shiga da ta ziyara da niyyar juya ta a can, ba a juyawa, gida za a ce ka koma. A Najeriya harkar bizar ɗalibai a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas take, don haka ɗan Kano ko Sakkwato ya sa kuɗin mota da masauki a lissafi. Daga Janairun 2025 sun buɗe shafin neman biza ta intanet inda ake cike fom a ɗora takardu kafin a ba ka ranar zuwa. Jiran ranar nan shi ne ciwon kai, yana iya ɗaukar watanni, saboda haka da zarar ka cika sharaɗin shiga layi ka shiga, kar ka ce sai ka gama haɗa komai. Kuma ranar kyauta ake ba da ita, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da mutum a ciki, ɗan damfara ne.

Ranar zuwa ka tafi da fasfo, hotuna irin na biza, takardar admishan, tabbacin rufaffen asusu, inshorar lafiya, duk takardun karatu na asali da kwafinsu, shaidar harshe, tarihin karatu da wasiƙar dalili. Ka jera su yadda suka jera a jerin da suka bayar. Tambayoyin ba masu wuya ba ne amma suna kama wanda ejan ya yi wa komai: me ya sa wannan kwas, waɗanne darussa ne a zangon farko, garin yana wace jiha, wa ya ba ka kuɗin, me ka yi tun da ka gama digiri. In akwai shekaru uku da ba ka makaranta ba ka aiki a takarda, ka faɗi abin da ka yi, ko kasuwa ce ko noma ko koyarwa a islamiyya, ka dai faɗa da hujja. Wani abu kuma, da can in an hana ka kana iya rubuta ƙorafi a sake dubawa, amma daga 1 ga Yulin 2025 sun soke wannan, sai dai ka sake nema daga farko ko ka kai ƙara kotu a Berlin. Wato fayil ɗinka na farko ya fita tsaf.

In biza ta makara har an fara zango, rubuta wa makarantar, da yawa suna ba da ƙarin lokaci ko su ɗaga maka zuwa zango na gaba. Kar ka yi shiru.

Ka sauka, sai me?

Gida tukuna, kuma wannan tun ranar da admishan ya fito ya kamata ka nema, wasu wuraren ma ana shiga layi kafin ya fito. Ɗakunan ɗalibai na hukumar Studierendenwerk su ne mafi arha, kamar yuro 250 zuwa 400, amma layi ne. In ba ka samu ba sai gidan haɗaka da ake kira WG, kowa da ɗakinsa ana haɗa kicin da banɗaki, ana nema a shafin WG-Gesucht. 'Yan'uwa mata, akwai na mata zalla, ku sa wannan a bincikenku. Kar ka tura wa kowa kuɗin ɗakin da ba ka gani ba, musamman mai cewa yana ƙasar waje zai aiko maka makulli.

Cikin kwana 14 da shiga gida sai ka je ofishin gari ka yi rajista, Anmeldung, da takardar da mai gida zai sa maka hannu. Wannan 'yar takardar ita ce uwar komai, ba ita ba banki, ba lambar haraji, ba katin zama. Ka tabbatar sunanka na manne a akwatin wasiƙa, don Jamus har yau da wasiƙar takarda take aiki, lambar harajinka da katin bankinka duk ta nan za su zo.

Sai inshorar lafiya, dole ce, ba ita makaranta ba za ta yi maka rajista ba. Ta gwamnati irin su TK ko AOK tana kama wajen yuro 130 zuwa 150 a wata ga ɗalibi. Wanda ya haura shekara 30 ba ya samun farashin ɗalibai, nasa ya fi tsada ko kuma ya koma ta 'yan kasuwa, kuma da yawanmu da muke gama digiri a makare saboda yajin aiki muna faɗawa nan, to a sa a lissafi. Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 duk wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo, in gidan haɗaka ne sai ku raba.

Kafin bizarka ta ƙare ka nemi katin izinin zama a ofishin baƙi, Ausländerbehörde, kuɗinsa wajen yuro 100. A manyan garuruwa samun rana wahala ne, don haka ka tura buƙatarka da wuri ka ajiye shaidar ka tura, matuƙar ka nema kafin ta ƙare zamanka na kan doka har su amsa. Lokacin sabuntawa za su sake tambayar kuɗi, ko sabon rufaffen asusu ko takardar aiki da albashi, su kuma duba ko karatun na tafiya.

Aiki kuwa an yarda ka yi, daga Maris 2024 cikakkun kwanaki 140 ne a shekara ko rabin yini 280, da can 120 ne. Mafi ƙarancin albashi yuro 12.82 ne a awa a 2025, ya koma 13.90 daga Janairun 2026. Mafi daɗi shi ne aikin Werkstudent, wato kamfani ya ɗauke ka a fanninka har awa 20 a sati lokacin karatu, yawanci daga nan ake samun aikin dindindin. Amma kar ka sa ran samu a watan farko, zangon farko ka bar wa karatu da gano gari. In ka gama kuma ana ba ka wata 18 ka nemi aikin da ya dace da karatunka.

Na ƙarshe ƙanana ne amma za su dame ka a satin farko. Naman halal a shagunan Turkawa da Larabawa yake, kusan kowane gari akwai, masallaci ma haka ko da a saman wani shago ne, ka tambayi mai shagon zai nuna maka. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, in ka sauka Asabar da yamma ka sayi burodi da madara tun a tashar jirgi. Rigar sanyi kuma kar ka saya a gida, ta Kantin Kwari ba za ta yi maka komai a Janairu ba, ka bari ka isa ka sayi tasu, ka cika jakar da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, amma ban da kilishi, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga.